Albasar Galmi a ƙarƙashin madubi

Madubin likita, wanda ake kira mikroskop, yana nuna abin da ido ba ya gani. Na makaranta yakan ƙara girman abu sau 40, sau 100, har sau 400. Amma ba kowane abu ne ake ɗora masa ba. Haske yana shigowa ta ƙasa, ya ratsa abin da aka aza bisa gilashi, kana ya iso ga ido. In abin yana da kauri, haske ba ya wucewa, sai mai dubawa ya ga duhu kawai.

Nan ne ƴan makaranta suka fi yin kuskure. In malam ya ce a kawo tsiro, wani ya zo da ganyen kuka sukutum, wani da kaba, wani da ɓawon gawo. Duk sun yi kauri. Abin da ake so shi ne ɗanye, ƙarami, mai shafe-shafe kamar fiffiken ƙuda.

A ƙasar Ƙonni ba sai an je nesa ba. Garin Galmi, cikin gundumar Malbaza, ya yi suna da jar albasarsa, wadda manyan motoci suke kaiwa har Gana da Kodebuwa. Albasar nan ta fi kome dacewa da madubi. A raba ta huɗu, a cire ɓari ɗaya mai nama. Daga cikinsa akwai wani tantani fari, wanda yake saɓulewa da farce. Ƙwayoyinsa a jere suke, babu wadda ta hau wata, shi ya sa haske yake ratsa shi sarai. A yanki ɗan guntu, kada ya kai girman farcen ƙaramin yatsa. A ɗiga ruwa bisa gilashi, a shimfiɗa shi kada ya naɗe, a rufe da ƙaramin gilashi sannu a hankali. Sai ga ƙananan ɗakuna a jere, kamar tubalin gini. Su ne ƙwayoyin halitta. Uku ko huɗu daga cikinsu, in an jera su a tsawo, sun kai milimita ɗaya. In an sa ɗigon aidin, cibiyar kowace ƙwaya tana fitowa ruwan ƙasa-ƙasa.

Albasar Galmi tana da wani amfani da farar albasa ba ta da shi. Fatar bayan ɓarin, mai launi, da rininta take zuwa, ba ta bukatar aidin. Tana da wuyar cirewa, gaskiya, sai da haƙuri. Busasshen ɓawon waje kuwa a bar shi, ƙwayoyinsa sun mutu. Irin wannan ne wani Bature na Ingila, Robert Hooke, ya gani a shekarar 1665, da ya duba ɓawon wani itace: ya ga bangayen ɗakunan, amma ciki wayam.

Ba kowane zagaye ne ƙwaya ba. In an ga da'ira mai baƙin baki, fara a tsakiya, kumfar iska ce ta maƙale. Sai a ɗaga gilashi a sake rufewa.

Akwai wasu abubuwan kuma. Gansakuka ta tafkunan Illela ko ta magudanun ruwan lambunan Birnin Ƙonni, zare ɗaya ya isa, kuma ita ce take nuna koren tsiro, wanda babu shi cikin kwan albasa. Garin furen kuɓewa yana fitowa ƙwallo-ƙwallo da ƙayoyi. In an kankari dankali kaɗan aka sa aidin, sitatinsa yana komawa shuɗi mai duhu.

Wurin ɗebo gansakuka, a yi amfani da sanda da gwangwani daga bakin gaɓa. Kada yaro ya shiga ruwan kwance, don a nan ake ɗaukar tsargiya. Tumfafiya ma ba a taɓa ta: nononta yana ɓata ido. Reza kuwa a hannun malam take zama.

Tambayoyi
1. Don mi ganyen kuka yake nuna duhu a madubi?
2. Wace fatar albasa ce ba ta bukatar aidin?
3. Yaya ake gane kumfar iska?