RUMBUN ZUCIYA: Darasi a kan Haddar Maganar Allah

Ya ɗan'uwa, ko ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu kwanan nan, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, wannan darasi dominka ne. Idan akwai Littafi Mai Tsarki kusa da kai, ka buɗe Zabura ta 119, ka karanta daga aya ta 9 zuwa ta 16. Idan ba ka iya karatu ba, ka roƙi wani ya karanta maka sau biyu. A aya ta 11 za ka ji inda mai zabura ya yi wa Maganar Allah ma'aji. Bai sa ta cikin gafaka ba, bai kulle ta cikin akwati ba. Cikin zuciyarsa ya adana ta, domin ta zama masa katanga tsakaninsa da saɓo. Abin da mu ke roƙonka ka yi ke nan, ga kuma dalilai.

1. Damina gajeruwa ce, rani dogo

Kowane manomi a ƙasar Shinaka da Goronyo da Wurno da Rabah ya san ruwan sama wajen wata huɗu kaɗai ya ke yi, sauran shekara kuwa sai iska da ƙura da zafin bazara. Saboda haka mai hankali ba ya cinye geronsa da kaka. Yakan ɗaure dammuna, ya zuba a rumbu, ya rufe, domin iyalinsa su sami tuwo sa'ad da gona ba ta da kome. Haka Yusufu ya yi a Masar, kamar yadda aka rubuta a Farawa sura ta 41: ya tara hatsi cikin shekara bakwai na ƙoshi, ya rayar da jama'a da shi cikin shekara bakwai na yunwa.

Dubi kuma madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a kan Gulbin Rima a 1984. Aikinta shi ne ta riƙe ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan da rani. Da wannan ruwa a ke noman shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadama lokacin da sama ba ta da ko gajimare.

Ran mai bi ma yana da damina da rani. Daminarka ita ce yau, da ka ke da Littafi a hannu, da ido mai gani, da wani ɗan'uwa da zai fassara maka. Amma ka sani masu bi kaɗan ne a wannan ƙasa, a warwatse su ke kuma. Mai yiwuwa ne ka yi makonni ba ka sami taron sujada ba. Mai yiwuwa ne danginka su ga Littafin su karɓe shi. Takarda kuwa ba ta da ƙarfi: gara tana cinta, gobara tana ƙone ta, ruwa yana lalata ta. A daminar 2010 ambaliya ta ci garuruwa da yawa a bakin Gulbin Rima, gidaje da rumbuna suka rushe, mutane suka fita da rigar jikinsu kaɗai. A shekarun baya kuma 'yan bindiga sun kori mutanen ƙauyuka masu yawa a gabashin Sakkwato, waɗansu suka gudu da tsakar dare, waɗansu aka tsare su cikin daji. Wanda ya shiga irin wannan hali ba shi da littafi, ba shi da wayar hannu. Abin da ke cikin zuciyarsa, shi ne guzurinsa. Ko Allah ya tsare ka daga waɗannan duka, tsufa yana zuwa, ido yakan dushe. To, me ka tara?

2. Gurbin da Ubangiji ya bar mana

Karanta Matta sura ta 4, daga aya ta 1 zuwa ta 11. Bayan an yi wa Yesu baftisma, ya yi kwana arba'in cikin jeji yana azumi. Ba majami'a a wurin, ba malami, ba littafi. Sa'ad da yunwa ta kama shi, Shaiɗan ya zo masa da jarabobi uku: ta ciki, ta neman a gani, da ta mulkin duniya. Kowace Yesu ya mayar da ita da aya, ayoyin nan uku kuwa daga littafi guda su ke, watau Kubawar Shari'a, wanda a ke kira Maimaitawar Shari'a a sabon bugu, sura ta 6 da ta 8. Bai ce wa Magabci ya dakata ya je ya duba ba. Takobin yana ɗaure a ƙugunsa tun kafin yaƙi ya tashi. Idan Ubangiji da kansa ya yi tanadi haka, ina ga ni da kai?

Amma ka lura da wani abu cikin wannan labari. Shaiɗan ma ya kawo aya. Ya ɗauko ta daga Zabura ta 91, ya yanke ta daga manufarta, domin ya sa Yesu ya gwada Allah. Ashe mutum yana iya riƙe kalmomi daidai, ya karkatar da ma'ana. Yesu ya gane tarkon domin ya san Littafin duka, ya san aya ba ta rushe 'yar'uwarta. Don haka hadda da nazari tagwaye ne, ba a raba su.

3. Hadda ba baƙuwa ba ce gare ka

Ka tashi cikin ƙasar da a ke girmama karatu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, marubucin littattafai ne masu yawa. Tun kana yaro ka ga almajirai kewaye da wuta da asuba, kowa da allonsa, yana maimaita abin da aka rubuta masa har ya zauna, a wanke a rubuta na gaba. Ka san akwai waɗanda suka haddace izu sittin ta wannan hanya. Kada ka rena naciyarsu. Ya kamata ta ba mu kunya, mu da mu ke cewa aya guda a mako ta yi mana nauyi.

Ga kuma alherin da Allah ya yi maka: Maganarsa ta zo maka da harshen da uwarka ta yi maka reno da shi. Wannan bai samu da sauƙi ba. Wani mai bishara Bajamushe, Schön, tare da taimakon wani saurayi Bahaushe mai suna Dorugu, ya fitar da Bisharar Matta da Hausa a 1857. Daga baya Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka ɗauki aikin shekaru da yawa, har aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa, littattafai 66, a 1932. Shekara 75 ke nan tsakanin farkon aikin da cikarsa. An kuma fitar da sabuwar fassara a 1979. Mutanen nan sun sha wahala domin ka gane abin da ka ke karantawa. Saboda haka ka yi hankali da ramummuka uku.

Na fari, karatun aku. Aku yakan maimaita magana, ba ya sanin abin da ya faɗi. A Ayyukan Manzanni sura ta 8 akwai wani babban ma'aji na sarauniyar Habasha, yana karanta annabi Ishaya cikin karusarsa, amma bai gane ba sai da Filibus ya zauna kusa da shi ya bayyana masa. Bai ji kunyar neman taimako ba, ko da ya ke babban mutum ne. Kai ma kada ka ji.

Na biyu, mayar da aya laya. Kada ka rubuta aya ka ɗinke cikin fata ka rataya wa yaro, kada ka wanke ta ka sha, kada ka binne ta a gona domin albarka. Ikon Maganar Allah ba cikin tawada ya ke ba. Yana cikin Allah wanda ya faɗe ta, yana kuwa aiki cikin zuciyar da ta ji, ta gaskata, ta bi. Irin da aka ƙulle cikin tsumma ba ya tsiro, sai wanda ya shiga ƙasa.

Na uku, girman kai. Kada ka haddace ayoyi domin ka kayar da maƙwabcinka a gardama a bakin kasuwa, ko domin a yabe ka cikin ikilisiya. Manzo Yaƙub, a sura ta 1 ta wasiƙarsa, ya kwatanta mai ji wanda ba ya aikatawa da mutumin da ya duba madubi, ya juya baya, ya manta kamanninsa. Aya guda da ka bi ta fi ɗari da ka haddace ka taka.

4. Yadda za ka yi

Da yayyafi kogi kan cika. Ka fara da aya guda kowane mako. Idan ka dage, shekara ba za ta kewayo ba sai kana da aya 52.

Ka karanta surar duka tukuna, ka tambayi kanka: wa ke magana, da wa ya ke yi, me ya faru kafin wannan, me Allah ya ke so in sani ko in yi? Sa'an nan ka ɗauki ayar, ka yanka ta gaɓa gaɓa, ka faɗi gaɓar fari da murya har ta zauna, ka ɗora ta biyu a kanta. Ka riƙe sunan littafin da sura da lambar aya tare da ita, domin ka iya nuna wa mai tambaya inda ta ke. Ka tsaya ga fassara guda, gama kalmomin bugun 1932 da na 1979 sun sha bambam a wurare da yawa, haɗa su yakan rikita mai koyo.

Kada ka ce ba ka da lokaci. Hanyar gona lokaci ce, ban ruwan albasa lokaci ne, kiwo lokaci ne. Ke ma 'yar'uwa, daka da ɗiban ruwa da jiran tukunya duk lokaci ne. Kada kuma ka ce ba ka iya karatu ba. Kunne ƙofa ce kamar ido. Yawancin masu bi na farko ba su da littafi a gidajensu, a taro a ke karanta musu, su ji su riƙe. Amma ka nemi koyon karatu da iyakar ƙoƙarinka, gama babban alheri ne.

Bayan hadda sai tilawa. Madatsar Goronyo ma, idan damina ta yi ƙaranci, ruwanta yakan ja baya, kamar yadda aka gani a ranin 2018. Abin da ba a ƙara wa, raguwa ya ke yi. Ka keɓe ranar Lahadi domin bitar tsofaffin ayoyi, ka sami wani ɗan'uwa ku riƙa sauraron juna. Da dare kuma ka yi kamar saniya mai tuƙa: ta yi kiwo da rana, ta kwanta, ta komo da abin da ta ci, ta tauna a hankali. Haka za ka riƙa juya ayar cikin ranka har ka sha daɗinta.

Ga inda za ka fara. Domin sanin ƙaunar Allah, Yohanna 3:16. Domin ranar da ka faɗi cikin zunubi, 1 Yohanna 1:9. Domin ranar jaraba, 1 Korintiyawa 10:13. Domin ranar tsoro, Zabura ta 23, aya shida ce kaɗai. Domin ranar da aka tsane ka saboda sunan Yesu, Matta 5:11 da 12, tare da aya ta 44, wadda za ta hana ka ramuwa. Sa'an nan Addu'ar Ubangiji a Matta sura ta 6.

5. Amfanin da za ka gani

Ubangiji ya yi alkawari a Yohanna 14:26 Ruhu Mai Tsarki zai tuna wa almajiransa da koyarwarsa. Amma ba a tuna wa mutum abin da bai taɓa ji ba. Naka ne ka zuba cikin rumbu, Ruhu kuwa shi zai ɗebo maka a ranar bukata. Sa'ad da fushi ya taso, ko aka miƙa maka riba ta hanyar rage mudu, ayar za ta riga hannunka. Sa'ad da ka durƙusa ka rasa abin faɗi, za ta zama addu'arka. Sa'ad da baffanka ya zaunar da kai ya tambaye ka dalilin wannan hanya da ka kama, za ka amsa da ladabi, da maganar da ta fi taka nauyi.

'Ya'yanka ma za su ci daga wannan rumbu. Timoti ya san Littattafai tun yana ƙarami, bangaskiya kuwa ta fara zama cikin kakarsa da uwarsa kafin ta iso gare shi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ayar da ka koya da safe, ka koya wa iyalinka da maraice.

Tambayoyi

1. Daga wane littafi Yesu ya ɗauko amsoshinsa cikin jeji?
2. Ina bambanci tsakanin riƙe aya cikin zuciya da rataya ta a wuya?
3. Idan aka karɓe Littafinka yau, aya nawa za su rage maka?
4. Wace aya za ka fara da ita, wa zai saurare ka ranar Lahadi?

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, mun gode maka da ka yi mana magana da harshenmu. Ka ba mu naciya mu koya, ka ba mu hankali mu gane, ka ba mu tawali'u mu bi. Ka cika zukatanmu da Maganarka tun muna da zarafi, domin kada ranar wahala ta same mu hannu wofi. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.