Ƙidayar kayan cikin sabar: wadda ba ta amsa ba ma a rubuta ta

Idan na'urorin sabar da ke hannunka sun haura ashirin, bin su ɗaya bayan ɗaya don duba RAM da faifai ɓata lokaci ne, kuma ido kan tsallake layi in ya gaji. Rubuta umarnin sau ɗaya, ka sake shi ya zagaya ta SSH.

A kan Linux tambayoyin ba su da yawa. Da izinin root, dmidecode zai karanto teburin SMBIOS ya ba ka kamfani, samfuri da lambar siriyal, har da kowane sandan RAM da ramin da yake zaune. Sai lscpu don firosesa, lsblk don faifai, smartctl don lafiyarsu. A kula, idan faifan suna bayan katin MegaRAID, sai an ƙara wa smartctl -d megaraid da lambar kowane faifai, in ba haka ba takwas ma sai su fito kamar guda.

Akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Ka sa ssh cikin madaukin while read, sai ya haɗiye sauran jerin sunayen na'urorin, aiki ya tsaya bayan na'urar farko ba tare da ko tari ba. Maganinsa ssh -n. Haɗa da BatchMode=yes don kada ya tsaya jiran kalmar sirri, da ConnectTimeout=10 don kada matacciyar na'ura ta riƙe saura. Mai amfani da Ansible kuwa ya tuna biyar-biyar yake ɗauka sai an ɗaga masa forks.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne sabar da ta yi shiru. Yawancin rubutun da ake yi tsallake ta yake, rahoto ya fito tsaf, alhali ita ce mai matsalar. Ka tilasta wa umarninka ya ba ta layinta: suna, lokaci, "ba ta amsa ba". Daga nan ka tambaye ta ta iDRAC in Dell ce, ko iLO in HPE ce, domin waɗannan suna amsawa ko na'ura a kashe take, muddin wuta da waya na jone.

Ajiye sakamakon da lambar siriyal, don suna yana canjawa. In ka ga "To Be Filled By O.E.M." a gurbin lambar, je ka karanto ta a jikin akwatin. Kowane dare ka zuba rahoton cikin Git, da safe ka kwatanta da na jiya. A nan za ka ga sandan RAM da ya daina aiki tun kafin masu amfani su fara kiran waya.