Rai-Ɗore Ba Tafasa Ba Ne

Duk wanda ya tashi a Babban Duhu, ko wani ƙauye na ƙasar Safana da Batsari, ya san rai-ɗore, wanda waɗansu ke kira sanga-sanga. Da ruwa ya sauka sai ya tsiro bisa juji da bayan danga, ba mai shuka shi. Iyayenmu mata sukan dafa ganyensa a yi wa mai zazzaɓi surace, waɗansu kuwa su sha ruwan don ya wanke ciki. Lalle yana wankewa, gama danginsu ɗaya da filasko. Amma wankin ciki dabam, kashe cutar cizon sauro dabam. Yaron da jikinsa ya yi zafi, asibiti za a kai shi a gwada jini. Mai juna biyu kuwa kada a ba ta shi ko kaɗan.

Babban hatsarinsa yana cikin 'ya'yansa ne. A ƙasar Indiya, wajen Saharanpur, an yi shekaru yara ƙanana suna mutuwa kowace kaka. Sai amai, sa'an nan suma, cikin kwana biyu ko uku rai ya yi halinsa. Da fari an zaci ciwon ƙwaƙwalwa ne mai yaɗuwa. Sai a 2007 likitocin can suka bayyana cewa ɗanyen ƙwayar rai-ɗore yaran ke ci wurin wasa, ita ke ɓata musu hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Fiye da rabin waɗanda suka kamu ba su tashi ba. Shanu da kaji ma tana kashe su in ta gauraya da abincinsu.

To, mu da ke kwaɗon tafasa, kuma yara muke aika su tsinko, wajibi ne mu san bambancinsu. Ganyen tafasa shida ne a sanda, bibbiyu suna duban juna, bakinsu a zagaye. Kwanson 'ya'yanta siriri ne, ya lanƙwasa kamar lauje. Na rai-ɗore yakan kai takwas ko goma, bakinsu da tsini, kwansonsa kuwa fale-fale.

Mu da za mu fita koyarwa, in kaka ta yi sai mu kawo reshen kowanne cikin aji, mu sa kowane yaro ya ƙidaya ganyen da hannunsa.