Komawa Harkokin Yau da Kullum Bayan Kullen Korona

Dokar kulle a rana ɗaya ake kafa ta, amma fita daga cikinta sai daki-daki. Abin da ya faru a Kano a shekarar 2020 ya isa misali. An sami mai cutar korona na farko a jihar ranar 11 ga Afrilu, ranar 16 ga watan gwamnatin jiha ta rufe gari, ranar 27 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara tsaurara dokar. Azumi ya zo ya wuce mutane suna gida, ko hawan salla ba a yi ba.

Da aka zo sassautawa, an fara da ware wasu ranaku a mako domin a fita cefane. A farkon Yuli aka janye dokar, aka kuma buɗe hanyoyin da ke tsakanin jihohi. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma a Agusta saboda jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, sauran yara kuwa sai Oktoba. Dalilin wannan jan ƙafa shi ne cutar takan yi har kwana 14 a jikin mutum kafin ta nuna alama. Idan aka buɗe kasuwa yau, ba za a san abin da buɗewar ta haifar ba sai bayan mako biyu. Masu cewa an gama da korona sun yi gaggawa: a Disamba ta sake tasowa a Nijeriya, allurar rigakafi ba ta iso ba sai ranar 2 ga Maris 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ba ta cire cutar daga matsayin ta-ɓaci ba sai a Mayun 2023.

Babban raunin da kulle ke bari yana wajen masu nema hannu baka hannu ƙwarya. Mai shayi ya cinye jarinsa, kuɗin madara da burodi sun tafi a garin tuwo. Ɗan dako a Kasuwar Singa ba shi da ajiya sai ƙarfinsa. Direban adaidaita sahu ya fito ya tarar mai keke na jiran balas, mai gidan haya ma na jira. Irin waɗannan mutane bai kamata su ɗauko babban bashi da niyyar mayar da asara a dare ɗaya ba, gara a soma da ɗan abin da ke hannu, a farfaɗo da adashi, a zauna da mai bin bashi a tsara biya kaɗan-kaɗan a gaban shaidu. Shi ma mai bin bashin, in ya matsa wa wanda bai miƙe ba, ba kuɗin zai samu ba, abokin ciniki zai rasa.

Akwai kuma ɓarnar da ba a saurin gani. Tsoron asibiti ya sa mata masu ciki da yawa sun daina zuwa awo, jarirai sun tsallake allurarsu, masu hawan jini da ciwon suga sun yanke magani. Ya wajaba uwa ta ɗauko katin rigakafin ɗanta ta kai asibitin unguwa. Ba a sake farawa daga farko, ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya. Ƙyanda ba ta san an yi kulle ba.

Haka batun makaranta. Yaron da ya yi wata shida a gida ya manta da yawa, wata yarinyar kuma an ɗora mata talla har an saba da kuɗin da take kawowa. Aikin iyaye ne su mayar da ita aji, aikin malami kuma ya gwada abin da yara suka riƙe kafin ya wuce gaba.

Zumunci shi ya fi saurin dawowa, don tun farko ba da son rai aka bar shi ba. Sai dai tsofaffi cutar ta fi kayarwa, saboda haka mai mura ko tari ya haƙura da zuwa gaishe su, ko zaman makoki a ɗaki mai cunkoso, har ya warware. Waya ta isar. Wanda ya yi jinya aka sallame shi kuwa ya warke, babu dalilin gudunsa a sahun salla ko ƙin sayen kayansa a kasuwa.