Hatsarin Akwatin Ƙara Sauti Mai Bawul

Tun da aka ƙago taransista a Amurka cikin 1947 bawul na kwalba ya ja da baya, amma har yanzu akwai masu sha'awar harhaɗa akwatin ƙara sauti da shi. Wutar gida bolt 230 ce. Taransifoman akwatin yakan ɗaga ta zuwa 400 ko fiye. Kwandensa ce ta fi yaudara, gama tana riƙe wuta ko an zare waya daga bango. Lalle ne mai gyara ya fara zuƙe ta da resista, ya auna, sa'an nan ya taɓa da hannu ɗaya, domin kada wuta ta ratsa ƙirjinsa. Hakimin da ke da tsohon rediyo mai bawul kada ya bar yaro ya buɗe bayansa.