Darasi na 14: Ƙasarmu da Mutanenta

Muna zaune a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Manyan garuruwanmu su ne Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa. Kano tana kudu da mu. Ƙasar Katsina tana yamma. In ka wuce Ɓaɓura ka yi arewa, sai Jamhuriyar Nijar.

Wajen Kazaure da Roni akwai duwatsu. Wajen Ɓaɓura kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe, mai rairayi. Irin wannan ƙasa ita ake kira jigawa. Damina ba ta wuce wata huɗu ko biyar. Muna noman gero da dawa da gyaɗa da wake. A fadama muna noman rani.

Hausa ita ce harshen kasuwa. Fulani suna da Fillanci. Da Larabci muke karatun Alƙur'ani. Yawancinmu Musulmi ne, amma akwai Kirista. Manomi da makiyayi, duk ƙasa ɗaya ke ci da mu.

To, ƙasar jigawa ba ta da nauyi. In ta rasa itace da ciyawa, sai iska ta kwashe ta. Wannan ya taɓa faruwa a wata ƙasa mai nisa cikin Asiya, sunanta Kazakistan. Ƙasa ce ta makiyaya, mai faɗin fili da ciyawa, kuma yawancin mutanenta Musulmi ne kamarmu. Daga 1954 aka dinga nome makiyayarsu don a shuka alkama. Da fari amfani ya yi kyau. Bayan 'yan shekaru sai iska ta share gonaki masu yawa.

Saboda haka, jama'a, mu yi hattara. Kada mu sare gawo a gona. Da damina yana zubar da ganye, ba ya hana gero rana, ganyen kuma taki ne. Kada mu cinna wa daji wuta. Kada mu nome burtali. Wanda ya sare itace ɗaya, ya dasa biyu. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Wace ƙasa ce arewa da Ɓaɓura?
2. Me ke faruwa da gonar da ba itace?
3. Faɗi amfanin gawo biyu.
4. Rubuta sunan garinku a allo.