Allo, Alƙalami da Kwamfuta: Darasi Kan Koya wa Yara Rubutu

  

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata tambaya da iyaye da malamai da kwamitocin makarantu suke yawan yi a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai: shin ya dace a ɗebi kuɗin jama'a a sayo kwamfuta ko wayar salula don koya wa yara rubutu? Idan ya dace, yaushe za a sa ta hannun yaro, kuma me zai yi da ita? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin kuɗin da ake tarawa bayan sallar Juma'a amana ne, shekarun ƙuruciyar yaro kuwa ba su dawowa. Ga shi kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Harshe kuwa ba ya riƙe irin wannan matsayi sai in masu shi sun iya rubuta shi daidai.

1. Matsayin rubutu a wurinmu

Sanin kowa ne ayoyin da aka fara saukarwa, a Suratul Alaƙ, sun ambaci alƙalami, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi. Malaman tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, wasu daga cikin fursunonin Makka da ba su da dukiyar fansa sun fanshi kansu da koya wa yara goma-goma na Madina rubutu. Waɗannan masu koyarwa ba Musulmi ba ne a lokacin, amma aka karɓi fasahar daga hannunsu, aka amfana. Ke nan kasancewar kwamfuta ta fito daga Amurka ko Sin ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne amfaninta da cutarwarta, da kuma hannun da ke riƙe da ita.

2. Abin da aka riga aka gwada

Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Bari mu dubi gwaji guda 3.

Na farko a gida ne. A shekarar 1964 aka fara koyarwa ta telebijin a wasu makarantun firamare na Nijar da taimakon Faransa. Masana daga ƙasashe da dama sun yaba shirin, amma na'urori da gyaransu da ma'aikatansu sun yi tsada, bai kai ga mafi yawan yaran ƙasa ba, zuwa ƙarshen shekarun 1970 aka daina shi.

Na biyu a ƙasar Peru ne, can Amurka ta Kudu, inda gwamnati ta raba wa ƴan firamare ƙananan kwamfutoci dubban ɗaruruwa, kowane yaro da tasa. Binciken da aka fitar a 2012, wanda ya shafi makarantun karkara 319, ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma sakamakonsu a darasin harshe da lissafi bai ƙaru ba. An ba da kayan aiki, ba a canza yadda malami yake koyarwa ba.

Na uku shi ma a gida ne. A 2009 da 2010 an gudanar da wani shiri mai suna ABC a azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙauyuka 113 a jahohin Doso da Damagaram, cikin Hausa da Zabarmanci. Malamai iri ɗaya ne, darussa iri ɗaya, sai dai a kusan rabin ƙauyukan an ƙara koya wa ɗalibai rubuta saƙo a ƙaramar salula, mutum biyar suna tarayya a waya guda. Da aka yi jarrabawa sai waɗannan suka fi sauran a rubutu da lissafi, kuma fifikonsu a lissafi bai gushe ba bayan an yi watanni da rufe aji. Ko da yake manya ne ba yara ba, darasin a fili yake: wanda ya sami wanda zai rubuta wa, ɗa ne a ci-rani ko ɗan'uwa a kasuwa, ba ya barin alƙalaminsa ya bushe.

Idan muka haɗa ukun za mu ga cewa mafi arahar na'ura ita ce ta fi amfani, saboda ta shigo ne a bayan malami, kuma ta ba ɗalibi dalilin yin rubutu kullum.

3. Hannu ne farko

Tsarin makarantar allo da muka gada yana da hikima. Yaro yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, malam yana rubuta masa yana biya masa, sai daga baya ya fara satu da hannunsa. Haka ma a lakwal: alli da ƙaramin allo tukuna, sa'an nan bik da kaye. Binciken zamani ya ƙarfafa wannan tsari. A 2012 wata malama mai suna Karin James ta Jami'ar Indiyana a Amurka, ita da abokiyar aikinta, sun gwada yara ƴan shekara 5 da ba su fara karatu ba. An sa su zana haruffa da hannunsu, an sa su bin sawun haruffan da aka riga aka ɗiga, an kuma sa su danna su a kwamfuta. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon haruffan, sai aka ga sassan da ke aiki wajen karatu sun fi motsawa bayan zane da hannu. Bayanin da masana suka bayar shi ne, yaron da ya zana harafi sau da yawa, wani a karkace wani a miƙe, yana gane abin da ya sa harafin ya zama shi. Wanda ya danna maɓalli kuwa siffa ɗaya tak yake gani, wadda ba shi ya yi ta ba. Ƙasar Suwidin ma, wadda ta yi nisa wajen sa na'urori a hannun ƙananan yara, ta sanar a 2023 cewa za ta ƙara komawa ga littafin takarda da rubutun hannu.

Don haka shawararmu ita ce, kada a sa yaro rubutu a na'ura sai ya iya rubuta jimla cikakkiya da hannunsa ba tare da an riƙe masa alƙalami ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4. Inda na'ura ta fi amfani: gyara

Rubutu ya wuce zana haruffa. Rubutu shi ne mutum ya tsara abin da ke ransa yadda wanda ba ya nan zai fahimta, kuma ba a iya wannan sai da gyara bayan gyara. A nan ne yaranmu suke da rauni. Takarda tana da tsada, yaro yana tsoron ɓata kaye, idan mushe ya ja jan bik a kan aikinsa sai ya rufe shafin, ba ya sake komawa. A makarantar allo kuwa ba a tsoron kure, don allo ana wanke shi a sake. To kwamfuta allo ce da ake wanke kalma ɗaya a bar sauran, a ɗauke jimla daga ƙasa a kai ta sama ba tare da an sake kwafe shafi duka ba. Wannan shi ne babban amfaninta ga mai koyon rubutu, kuma ba ya bukatar intanet.

Ga yadda malami zai iya tsara aikin mako ɗaya, ko da na'urorin makaranta ba su wuce biyu ko uku ba:

Rana ta 1: a zaɓi abin rubutu na gaskiya, kamar wasiƙa zuwa ga maigari kan gyaran rijiya, ko bayanin yadda ake shuka gero daga saran farko har zuwa girbi. Kowane yaro ya rubuta nasa da hannu.

Rana ta 2: a raba yara biyar-biyar. Kowace ƙungiya ta zaɓi rubutu ɗaya ta shigar a na'ura: ɗaya yana karantawa, ɗaya yana bugawa, sauran suna lura, ana karɓa-karɓa, mata da maza kowa ya sami rabonsa.

Rana ta 3: malami ya ɗauki rubutu ɗaya, ya cire sunan mai shi don kada a kunyata shi, ya haska a bango in akwai majigi, in babu ya kwafe a babban allo. A yi tambaya uku: wa ake rubuta wa? Me aka manta ba a faɗa ba? Wace magana ce ta kamata ta zo farko? A wannan rana ba a taɓa ƙa'idar rubutu, ma'ana kawai ake gyarawa.

Rana ta 4: sai a zo kan ƙa'ida, wato aya da waƙafi, babban baƙi, da raba kalmomi: a rubuta “za mu” a rabe, “muna” a haɗe.

Rana ta 5: a buga a takarda, a kafe a bangon makaranta, ko a kai wa wanda aka rubuta dominsa. A adana rubutun farko tare da na ƙarshe, don yaro ya ga tafiyar da ya yi da idonsa.

5. Haruffa masu lanƙwasa da kuma ajami

Mafi yawan kwamfutocin da ke shigowa ƙasarmu madannansu na Faransanci ne, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a kansu. Wannan ya sa mutane da yawa suka saba da zubar da lanƙwasa, alhali ita ce ke raba ƙasa da kasa, ƙura da kura, ƙaya da kaya, baƙi da baki. Mu dubi wanda ya yi nufin yi wa ɗan'uwansa addu'ar Allah Ya kare shi, da wanda ya rubuta Allah Ya ƙare shi: ƴar lanƙwasa ɗaya ce tsakanin fatan alheri da mugun baki. Magabata sun sha wahala kafin a daidaita wannan rubutu: an yi taro a Bamako a 1966, an yi a Yamai a 1980, kuma a 1999 hukuma ta tabbatar da ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar, inda muke rubuta ƴ a gurbin 'y da ake yi a Najeriya. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Bai kamata lalacin yatsa ya rushe wannan gini ba. Tsarin haruffa na duniya da ake kira Unicode ya ƙunshi haruffan nan tun farkon shekarun 1990, manhajoji irin su Keyman da Gboard kuma suna ba da madannan Hausa kyauta. Lalle ne a sanya su a kowace na'ura kafin yaro ya taɓa ta.

Ajami ma ba a bar shi baya ba. A 2016 an ƙara wa Unicode siffofin fa'un da ƙaf da nun irin na rubutunmu na Warsh, kuma akwai zanen haruffa mai suna Alkalami da aka yi bisa rubutun hannun malaman ƙasar Hausa. Saboda haka almajirin da ya ƙware a allo yana iya buga wasiƙarsa ko waƙensa da ajami.

6. Abubuwan da za a kiyaye

Na ɗaya, kwafe. Tun daga ƙarshen 2022, da fitowar ChatGPT da ire-irensa, na'ura tana iya tsara wa yaro insha'i cikakke cikin ɗan lokaci. Yaron da ya miƙa wannan a matsayin aikinsa ya yaudari malaminsa, ya kuma cuci kansa. Ƙari a kan haka, waɗannan na'urori sukan yi kure da ƙarfin hali, har su jingina wa malami ko littafi maganar da ba tasa ba. Maganin abin shi ne rubutun farko ya kasance da hannu, a cikin aji, gaban malami.

Na biyu, rubutun gaggawa na saƙonni, irin su “slm” da “ykk” da “lfy”. A nuna wa yaro cewa kowane wuri da tufarsa: abin da ya wuce tsakanin abokai ba ya shiga wasiƙar da za a kai wa babba.

Na uku, shagala. Na'urar aji a rufe mata intanet lokacin darasi, ta kwana a makaranta, kada kuma a watsa hotunan yara ko sunayensu ba da yardar iyayensu ba.

7. Nasiha ga iyaye da kwamitoci

Kafin a sayi na'ura a tambayi kai: yaran suna da rufi da abin zama, ko har yanzu a rumfar zana suke? Kowa yana da kaye da bik? An biya malami haƙƙinsa? Akwai kuran, ko farantin hasken rana da batir? Wa zai gyara in ƙurar hunturu ta shiga? Idan an amsa waɗannan, to a fara da horar da malami, a sayi kaɗan, a gwada shekara guda. A farkon shekara a sa yara su rubuta wasiƙa, a ƙarshenta a sake sa su, a gwama biyun. Idan rubutu ya gyaru a ƙara, idan bai gyaru ba a binciki dalili kafin a sake kashe ko dala. Ku kuma iyaye, ku riƙa sa ƴaƴanku su rubuta muku saƙo da lissafin bashi da jerin cefane, ku sa su karanta muku abin da suka rubuta, domin yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Allah Ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke wuyanmu. Amin.